Wida: bakin tekun da ya haɗiye kakanninmu

In bakansi ya zo, masu ɗan hali cikinmu Kwatano suke nufa: a ga teku, a ci kifi, a ɗauki hoto a saka a Facebook. Rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023 ya dagula wanga tafiya, to amma duk ranar da Allah ya kai ku, ku ƙara kilomita wajen 40 yamma da Kwatano. Nan ne garin Wida, wanda ake rubutawa Ouidah da faransanci. Wuri ne mai kyau, ga itatuwan kwakwa, ga rairayi, ga iska mai sanyi. Sai dai tarihinsa yana da nauyi, kuma ya shafe mu.

Turawan Fotugal sun gina sansaninsu a Wida a 1721, ƴan Faransa da ƴan Ingila ma kowa da nashi. A 1727 sarki Agaja na Dahome ya ci ƙasar da yaƙi, garin ya zama tashar da masarautarsa ke sayar da bayi. Masana tarihi sun ƙiyasta mutanen da aka ɗora ma jiragen ruwa daga nan sun kai wajen miliyan ɗaya. Fotugal ba ta saki sansanin ba sai 1961, shekara guda bayan Dahome ta samu ƴancin kai, daga baya aka maishe shi gidan tarihi.

Daga tsakiyar gari zuwa teku akwai hanya mai tsawon kilomita kamar 4, ita ake ce ma hanyar bayi. Tana farawa daga dandalin Chacha, laƙabin Francisco Félix de Souza, babban dillalin bayi ɗan Brazil da ya mutu a 1849. Masu ja-gora za su nuna muku inda itacen mantuwa yake. Sun ce namiji kan kewaye shi sau 9, mace sau 7, wai don su manta garinsu da sunan iyayensu. A ƙarshen hanyar, daf da ruwa, akwai Ƙofar da Ba a Dawowa, wadda aka gina a 1995 da taimakon UNESCO.

To ina ruwan Bahaushe da wanga labari? Bayan jihadi ya tashi a 1804, yaƙi ya game ƙasar Hausa, kowane ɓangare yana kama mutane. Fatake suka yi ta gangarawa da su kudu, hannu zuwa hannu, har tashoshin Wida, Porto-Novo da Legas. Da yawa aka tsallaka da su Bahia ta ƙasar Brazil, noman rake. Wato kafin Bature ya saye su, namu ne suka fara saida su. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma ba ta ɓoyuwa.

Kuma itacen mantuwa bai ci su ba. A 1807 hukuma ta gano Hausawa suna shirya bore a birnin Salvador, a 1809 da 1814 suka tashi da makamai. A Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, bayi Musulmi, galibi Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka sake tayarwa. An murƙushe su, amma a jikinsu an samu layu da takardu da rubutun Larabci, irin wanda almajiranmu ke yi har yau.

Saboda haka in kun je, ku ɗauki mai ja-gora, ku taka hanyar da ƙafa, ku tafi da yara su ji da kunnensu. Ku yi hattara da wanka, don igiyar ruwan wurin tana ja da ƙarfi. Kafin ku ɗauki hoto a bakin ƙofar, ku tsaya ku yi musu addu'a. Wataƙila cikinsu akwai Bagobiri ko Bakatsine da babu wanda ya san inda kabarinsa yake.

Allah ya jiƙansu, ya kiyaye mu da sake ganin irin wanga zamani.