Daga Idon Sarkin Ruwa Zuwa Ɗigon Sinadari: Yadda Aka Koyi Karanta Numfashin Ruwa

Tun kafin 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa kamun kifin da ya zama tushen bikin da duniya ta sani a yau, Kabawa suna da tsarin kula da ruwansu. Sarkin Ruwa ke faɗin lokacin da za a shiga kogin Matan Fada da homa da gora, kuma akwai al'adun gyaran ruwa da fashin ruwa da ke gabatar da buɗe kamu. Hana su na tsawon watanni yana ba kifi damar hayayyafa. Ma'aunin masunci a wancan zamani shi ne idonsa: launin ruwa, warinsa, da halin kifin da ke cikinsa.

Alamar da kowane masunci ya sani ita ce kifi ya taso saman ruwa da asuba yana haki. Dalilin haka a yau a bayyane yake. Da rana tsirran ruwa suna shan iskar kabon dayoksaid su fitar da oksijin. Da dare kuwa sai su koma shan oksijin kamar kifin. Kafin gari ya waye, oksijin ya yi ƙasa, kabon dayoksaid ta taru, ta ƙara wa ruwan tsami. Zafi ma yana da hannu: lita guda ta ruwa mai zafin digiri 20 tana iya riƙe kusan miligiram 9 na oksijin, amma a digiri 30 ba ta kai 8 ba. Tarwaɗa tana jurewa domin tana iya shaƙar iska daga sama. Giwan ruwa, wadda ake alfahari da ita a Argungu, ba ta da wannan baiwa.

Mayar da waɗannan alamu zuwa lissafi ya ɗauki shekaru saba'in. A 1888 Lajos Winkler na ƙasar Hangari ya fito da hanyar auna oksijin cikin ruwa. A 1909 Soren Sorensen na Denmak ya kawo ma'aunin tsami na pH. A 1958 likita John Severinghaus na Amurka ya bayyana na'urar auna kabon dayoksaid cikin jini, wadda ke gano yawan iskar daga canjin tsami. Dabarar nan ce masu kiwon kifin ado ke amfani da ita: ɗan gilashi mai ruwan sinadari da ake maƙalawa cikin akwatin kifi. Shuɗi na nufin iskar ta yi wa tsirrai kaɗan, kore daidai, rawaya kuwa haɗari ne ga kifi.

Kwarin Rima ya sauya. Madatsar Bakolori ta 1978 da ta Goronyo ta 1984 sun canza yadda ruwa ke malala cikin fadamu, kiwon kifi a tafkunan siminti kuma ya yaɗu har Birnin Kebbi. A irin wannan tafki, dare ɗaya na iya cinye jarin shekara. UNESCO ta sanya bikin Argungu cikin gadon al'adun duniya a 2016, amma ɗorewarsa tana ga lafiyar ruwan. Idon masunci yana ganin matsala bayan kifi ya fara haki. Ma'auni yana nuna ta tun kifin bai taso ba.