Siraran wayoyi masu kama hasken da ido ba ya gani

A shekarar 1800 ne masanin taurari William Herschel ya gano a Ingila cewa akwai wani haske a gaba da launin ja wanda ido ba ya gani, amma ma'aunin zafi yana jin sa. Shi ne hasken infared, kuma jikin ɗan Adam yana fitar da shi a tsawon zango na kusan maikuromita 10.

Da wannan haske ake gani cikin duhu, da shi kuma ake gano yoyon iskar gas, domin iskar mitan tana shanye shi a maikuromita 3.3.

Matsalar dai ita ce silikon, wanda ake ƙera idon kyamarar wayar salula da shi, ba ya shan hasken da ya wuce maikuromita 1.1. Na'urori mafiya inganci sun dogara ne ga haɗin zaiba da kadmiyam da teluriyam, kuma galibi sai an sanyaya su zuwa digiri 196 ƙasa da sifiri. Wannan ne ke sa su tsada da nauyi.

Don haka masana suka karkata ga wayoyin nano, waɗanda gashin kai ya fi su kauri sau ɗaruruwa. A 1964 Wagner da Ellis na cibiyar Bell Labs a Amurka suka nuna yadda ake tsirar da irinsu: ɗigon zinariya kan zuƙi sinadari daga tururi, waya ta riƙa tsayi a ƙarƙashinsa.

Abin mamaki shi ne waya takan janyo har hasken da ke wucewa ta gefenta, kamar eriyar rediyo, kuma kaurinta ne ke zaɓen zangon da ta fi sha. A 2013 masu bincike a Jami'ar Lund ta Suwidin sun ƙera farantin sola da wayoyi suka rufe kashi 12 cikin ɗari kacal na fuskarsa, amma ya mayar da kashi 13.8 na hasken rana lantarki.

Ana iya tsirar da wayoyin indiyam asanaid, mai shan haske har zuwa kusan maikuromita 3.5, a kan silikon mai araha. Shimfiɗaɗɗen sinadarin kuwa cika yake da lahani idan aka ɗora shi a kai.

To sai dai kuma sirantakar na da illa: fatar waya ta yi wa cikinta yawa, lahanin da ke fatar kuma yana haifar da lantarkin bogi ko a cikin duhu. Shi ya sa ake lulluɓe wayoyin da wani sinadari daban.