Baƙi biyu a hanyar Ƙonni: wanda ya zo da wuta da wanda ya zo da magani

Duk wanda ya taso daga Badaguishiri ya nufi kudu, in ya kai mararrabar Tsarnawa hanya biyu ce a gabansa: yamma Birnin Ƙonni, gabas kuma Malbaza da Galmi. Kullum muna bi, amma ba kowa ke tuna cewa kowace hanya cikin biyun tana ɗauke da labarin wasu baƙi daga ƙasar Nasara ba. Yau su za mu duba, musamman mu masu bin Almasihu, don mu ga inda girman kai ke kai mutum, da abin da tawali'u ke bari a baya.

A farkon shekarar 1899 wasu hafsoshin Faransa biyu, Paul Voulet da Julien Chanoine, suka taso daga bakin kogin Kwara da runduna, da umarnin su kai tafkin Cadi. Chanoine ɗan babban gida ne, ubansa janar ne da ya taɓa riƙe ministan yaƙi. Duk garin da suka sauka sai ƙone-ƙone da kwasar hatsi da kama mutane su yi musu dako. A watan Afrilu suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. A farkon watan Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har yau ba a manta da shi ba.

Labarin ɓarnar ya kai Paris, aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragamar. To a nan ne fa girman kai ya nuna kansa sosai. Voulet ya ƙi sauka. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori, ya sa aka harbe Klobb, wanda yake gaba da shi a muƙami. Daga nan ya sanar da abokansa cewa shi ya fita daga Faransanci, sarautar kansa zai kafa a ƙasar baƙar fata. Sarautar ba ta cika kwana huɗu ba. Sojojinsu na Afirka suka juya musu baya, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet kuma ranar 17, a Maijirgi wajen Tasawa. Ai dama Bahaushe ya ce girman kai rawanin tsiya.

Yanzu mu juya gabas. Ƙungiyar mishan ta SIM ita ma da faɗuwa ta fara. Samari uku ne suka sauka Legas a ƙarshen 1893: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu da ciwo, Bingham ya koma gida ba abin da ya kafa. Ya sake gwadawa, zazzaɓi ya sake kore shi. Sai a 1902 aka samu wurin zama a Pategi. A Nijar sun fara a Damagaram a 1924, daga baya Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan a 1950 likita Burt Long ya fara aiki a asibitin Galmi.

Ku lura, shekara 51 ke tsakanin ƙone Ƙonni da buɗe Galmi. Aikin da aka zo yi a Galmi ba mai ɗaga suna ba ne: wanke miki, karɓar haihuwa, tiyata da tsakar dare, koyon Hausa kamar ƙaramin yaro, ana yi maka dariya kana sake gwadawa. Yau fiye da shekara 70 ke nan ƙofar tana buɗe, marasa lafiya na zuwa daga sassan Nijar har da Najeriya, kuma mafi yawansu Musulmi ne. Voulet kuwa me ya bari? Kabari a gefen hanya da mugun suna.

Amma kada wani ya ɗauka masu mishan mala'iku ne. A'a, su ma mutane ne. Akwai lokacin da suka yi nauyin hannu wajen sakar wa 'yan ƙasa shugabanci da kuma buɗe wa yaransu ƙofar karatu mai zurfi, abin ya ɓata ran Kiristocin farko. Ikkilisiyar EERN da ta fito daga wannan aiki, ita ma daga baya ba ta tsira daga rabuwar kai ba. Kun ga ke nan girman kai ba ruwansa da launin fata, kuma ba ya tsayawa a ƙofar majami'a ya cire takalmi.

Shi ya sa maganar ta dawo kanmu. Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin sarki Nebukadnezzar da ya yi taƙama da birninsa, ya ƙare yana cin ciyawa a daji. Ya kuma nuna mana Yesu, a Yohanna sura 13, ya ɗaura tawul ya durƙusa yana wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bara ke yi. Mu a wannan yanki 'yan kaɗan ne a tsakiyar 'yan'uwa Musulmi. Maƙwabci ba zai karanta littafinmu ba, halinmu zai karanta. In fasto ba ya karɓar gyara, in dattijo ya fi ƙarfin ya ce "na yi kuskure, ku gafarce ni", in mai ɗan karatu yana raina manomin albasa da ke zaune kusa da shi ran Lahadi, to wa'azin me ya rage?

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Gobe in mota ta kai ka Tsarnawa, ka dubi hanyoyin nan biyu, ka tambayi kanka wacce halinka ya fi kama da ita a gida, a kasuwa da cikin ikkilisiya. Allah ya raba mu da girman kai, ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu a Ƙonni. Amin.