Me ya sa kwanan Asabar ke rage kuɗin tikitin jirgi? 🧵

1/ Jirgi ɗaya, kujera iri ɗaya, amma wanda zai tafi Talata ya dawo Alhamis yakan biya fiye da mai dawowa Lahadi. Ba kwamfuta ce ta rikice ba fa, da gangan aka tsara. Ku biyo ni.

2/ Kafin 1978, hukumar gwamnati mai suna CAB ce ke ƙayyade farashin tikiti a Amurka. Jiragen shata suna kwashe masu yawon buɗe ido da arha, manyan kamfanoni kuma suna tashi da kujeru ba kowa.

3/ A 1977 American Airlines ya fito da Super Saver tsakanin New York da Kalifoniya. Rangwame mai tsoka, amma sai ka saya kwana 30 kafin tafiya, kuma ka zauna aƙalla kwana 7.

4/ Sharaɗin na mene ne? Wanda ofis ke biya wa tikiti bai damu da tsada ba, shi dai ya koma gida kafin ƙarshen mako. Mai ziyara kuwa yana da lokaci, aljihu ne matsalarsa. Sharaɗin shinge ne kawai: kada mai kuɗi ya tsallako layin rangwame.

5/ A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta sakar wa kamfanoni mara. Gasa ta ɓarke, sharaɗin kwanan Asabar ya zama ruwan dare. Ba ka kwana Asabar a can ba, ba ka da rangwame.

6/ Matafiya ma ba su kwanta ba. Mai zuwa gari ɗaya sau biyu sai ya sayi tikiti biyu na zuwa da dawowa, ya sarƙa su yadda kowanne zai ƙetare Asabar. Kamfanoni suka haramta dabarar a ƙa'idojinsu.

7/ Kamfanonin arha irin su Southwest, masu sayar da tikitin zuwa kaɗai da sauƙi, su suka raunana tsarin. A 2005 Delta ya soke kwanan Asabar. A 2008 da mai ya yi tsada, wasu suka dawo da shi.

8/ Har yau yana nan, musamman a tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa. In ka matso da ranar dawowa ƙasa da kwanakin da aka gindaya, za a sake lissafa kuɗin da farashi mai tsada, ka cika ciko.

9/ Don haka kafin ka biya, buɗe ƙa'idojin tikitin ka duba mafi ƙarancin kwanakin zama. In ejen ne ke saya maka, tambaye shi kai tsaye.