Daga Bakin Rumfa Zuwa Wayar Hannu: Koyon Hausa a Sabon Gari

Mai karatu, ka taɓa tambayar kanka yadda Inyamurai da Yarabawan Kasuwar Sabon Gari suka iya Hausa haka?

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari wajen 1913 domin baƙin da suka biyo shi daga kudu. Ba aji suka shiga ba, ciniki ne malaminsu. Daga baya rediyo ya taimaka, musamman bayan BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. A Disambar 2013 Google Translate ya saka Hausa, tare da Igbo da Yarabanci. Yau yaron shago da ya zo daga Onitsha sai ya zaro waya ya nemi fassara.

To amma fa ka lura. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. "Gari" na zama da "gari" na tuwo, rubutu ɗaya ne. Idan ka bar ƙugiya kuma, "ƙara" ta koma "kara".

Ga babbar matsalar: ka taya kaya, mai rumfa ya ce "albarka". Fassarar kalma da kalma za ta ce maka addu'a ya yi, alhali tayinka ya ƙi. Sai ya ce "na sallama" ciniki ya faɗa.

Don haka idan kana koya wa baƙo Hausa, bar shi da wayarsa, amma ka kai shi kasuwa.

Wace kalmar ciniki ce ka ga na'ura ta kasa fassarawa?