Tsangayar Shari'a ta Kongo a Zariya: Asalinta da Bunƙasarta

A shekarar 1958, lokacin da mulkin kai ya ƙarato, kuma ƙabilun da ba Musulmi ba suka bayyana fargabarsu game da hukuncin kotunan alƙalai, Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta kira wani kwamiti na masana shari'a domin ya duba al'amarin, aka ɗora shugabancinsa a kan Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson daga Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa, Babban Alƙalin Bida. Daga shawararsu aka samu kundin hukunta laifuffuka da jama'a ke kira Final Kod, wanda aka tsara bisa na Sudan, ya fara aiki a 1960.

To, rubuta doka abu ne mai sauƙi idan aka gwada shi da samun wanda zai zartar da ita. Alƙalan da ke zaune a kotuna malamai ne da suka tashi a kan littattafan fiƙihu irin su Muhtasar da Tuhfa, waɗansunsu sun fito daga Makarantar Shari'a ta Kano wadda aka buɗe a 1934 da shaihunan Sudan, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce wa dattijon da ya shekara talatin yana hukunci da fiƙihun Malikiyya ya koma gaban allo ya koyi sashe da ƙaramin sashe. Wannan nauyi Makarantar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo ta ɗauka, kuma ni a ganina a nan ne ainihin tushen tsangayar yake, tun kafin a ba ta suna. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, sai karatun shari'a ya zama tsangaya mai ba da digiri, a 1966 kuma aka ƙara mata Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci.

Fa'idar wannan tsari ita ce ɗalibi zai iya haɗa dokar da aka gada daga Ingila da ilmin gado, da aure, da shaida, da usulul fiƙihi, a zaure ɗaya, ba tare da an sa shi ya raina ɗaya domin girmama ɗaya ba. Daga cikin almajiran tsangayar akwai waɗanda suka kai kujerar Babban Jojin Nijeriya, kamar Mahmud Mohammed da Ibrahim Tanko Muhammad.

Bayan Zamfara ta faɗaɗa aiki da Shari'a a shekarar 2000, waɗansu jihohin Arewa suka bi, kowace da kundinta, saɓani ya yawaita tsakanin nassoshinsu, sai malaman Cibiyar suka zauna suka fitar da daidaitaccen kundi a 2002. Abin da ke damuna har yau shi ne, galibin binciken da ke fitowa daga Kongo da Turanci ake buga shi, alhali matar da ta zo neman gadon mijinta, da magatakardan da ke rubuta ƙararta, da Hausa suke magana a gaban alƙali.