Daga Aci-Bal-Bal Zuwa Fitilar Da Ke Kai Saƙo

Zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke zaune a ribaɗin Wurno, inda ya rasu a 1837, aikin fitila haska takarda ne kawai, manzo ke kai wasiƙa Sakkwato bisa doki. An ga fitila tana aikin manzo a 2011, lokacin da wani masani, Harald Haas, ya nuna a birnin Edinbura cewa ƙwan LED, yana ƙyaftawa da saurin da ido ba ya gani, yana iya aika bidiyo. Za a ce haske ba ya ratsa bango. Gaskiya ne, amma ajin makaranta a Rabah ko Goronyo ɗaki guda ne, ƙwai ɗaya na iya kai wa ɗalibansa saƙo. Cikas na ainihi rashin tsayayyen lantarki ne, don haka a fara wadata makarantunmu da sola.